Ba Modu Mai Rijiya da Dutsen Sama

A unguwar Dogo Nini ta Potiskum idan baƙo ya tambayi gidan Ba Modu, sai a ce masa, "Mai rijiya kake nufi?" Shekara goma sha uku ke nan rabonsa da shiga rami, amma sunan ya riga ya zauna. Gidan ƙasa ne da aka shafe da siminti daga baya, akwai darbejiya guda a ƙofa, a gindinta yake shimfiɗa tabarmarsa daga hantsi har a kira azahar. Doguwar halitta gare shi, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa, tafukan hannunsa kuwa har yanzu kamar busasshiyar fata.

A ƙauyen Danchuwa aka haife shi. Mahaifinsa mutumin Borno ne da ya biyo fataken kanwa, ya ga ƙasar noma ya sauke kaya, ya auri 'yar gari. Modu ya tashi yana noman gero da wake kamar kowa, sai dai ba a gona hankalinsa yake ba. Shekarar da rijiyar unguwarsu ta rufta aka ɗauko mahaƙa daga wani gari, shi kuwa ya bar sharar gona ya tare a bakin rami yana kallo. Kwana na huɗu zazzaɓi ya kwantar da ɗaya daga cikinsu, Modu ya ce a ɗaura masa igiya. Yana da shekara goma sha tara a lokacin. Da mahaƙan suka gama za su tafi, ya bi su.

Ƙasar Potiskum ba ta sakin ruwanta da wuri. A wani wurin sai an yi gaba ashirin, wani wurin talatin, mutum yana can ƙasa yana hango bakin rijiya kamar faifai. Modu ya san abin da ke ƙarƙashin garin fiye da yadda ya san titunansa. Ya san jar ƙasa ce farko, sai marmara mai cin bakin diga, sai yashi mai zubowa wanda ba a yi masa garaje, sai farar ƙasa mai santsi. A can ƙasa ido ba ya wani aiki, don haka da hannu ya koyi sana'ar. Zai murza ƙasa tsakanin yatsunsa, ya sansana, ya ɗora ɓarɓashin dutse a harshe. Wanda ya kama harshe, ya san akwai yumɓu a cikinsa. Wanda ya yi sanyi a tafin hannu, sai ya ɗaga kai ya ce wa na sama su fara shirin murna.

Na saman nan, shekara talatin, mutum ɗaya ne: Bubayaro, Bafulatanin da fari ya cinye masa shanu ya shigo gari neman abin yi. Shi ke riƙe igiya, shi ke jawo bokitin ƙasa. Wasan Fulani da Barebari bai taɓa yankewa tsakaninsu ba. Modu zai kama igiya zai sauka ya ce, "Bawana, riƙe da kyau." Bubayaro ya ce, "In na saki ma wa zai nemi Babarbare guda? Kun yi yawa a ƙasar nan." Amma a shekara talatin ɗin igiyar ba ta taɓa ko zamewa a hannunsa ba.

Matarsa Ya Mairam ta haifa masa 'ya'ya biyar. Manyan mata uku sun yi aure, Zulkifli ya zama direban babbar mota, sai auta, Ikhlas. Modu yana da wata al'ada: kowace rijiya ya gama, sai ya jefo dutse guda daga ƙasanta a aljihu, ya zo ya zuba a wata tsohuwar tasa a zaure. Babu wanda ya damu da tasar sai Ikhlas. Tun tana 'yar firamare za ta juye duwatsun a tabarma ta jera su, farare gefe, jajaye gefe, ta riƙa tambaya. Wannan daga ina? Gaba nawa? Me ya sa wannan ya fi wancan nauyi alhali girmansu ɗaya? Wasu tambayoyin yana da amsarsu, wasu ya ce, "Haka Allah ya yi shi, Auta." Ita kuwa sai ta ce, "Na sani, Baba. Ta yaya ya yi shi?"

Da motocin haƙar burtsatse suka cika gari, aikin da yakan ci musu wata biyu sai inji ya gama shi a kwana biyu. Kira ya ragu, sai yasar tsofaffin rijiyoyi. Gwiwoyinsa ma suka fara ƙi. Ya rataye igiyarsa a zaure ba tare da ya yi wa kowa ƙorafi ba. A shekarar ce Ikhlas ta samu shiga jami'a a Maiduguri, ta zaɓi ilimin duwatsu. Maƙwabta suka yi ta mamaki, mace ta bar likitanci da malanta ta je karatun dutse. Lokacin kuma shekarun tashin hankali ne, hanyar Maiduguri ba a shiga sai da addu'a. Duk ranar da za ta dawo hutu, Modu a tasha yake wuni, yana leƙa kowace mota.

Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta ƙara wani karatun. Wata rana da la'asar ta same shi a gindin darbejiya, ta durƙusa gefen tabarma da takarda a hannu.

"Baba, na samu tallafin karatu. A Japan."

"Ina ne nan?"

"Gabas, can ƙarshe. An wuce Makka da nisa sosai."

Ya ce, "Duwatsun nan duka ba su ishe ki ba?"

Ta yi dariya kaɗan. "Ba duwatsun ƙasa ba ne, Baba. Na sama ne."

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce akwai wasu manyan duwatsu da ke yawo a sararin samaniya suna kewaya rana kamar yadda duniya ke yi, wasu hanyarsu takan kawo su kusa da mu. Ba taurari ba ne, ba su da haske nasu. Wanda za ta yi aiki a kansa faɗinsa bai kai kilomita guda ba, baƙi ƙirin, kuma duk jikinsa tarin duwatsu ne, manya da ƙanana, babu inda za ka shimfiɗa tabarma. An aika kumbo marar mutum ya je ya ɗauko hotunansa, ya kuma ɗebo ɗan ɓarɓashi yana kan hanyar dawowa da shi. Aikinta shi ne ta zauna da hotunan, ta auna duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta duba yadda suka tsattsage, domin a san da me aka yi su. Ta ce idan wata rana irinsa ya nufo duniya, sai an san ko dunƙulalle ne ko tarin tsakuwa kafin a san yadda za a kauce masa.

Modu ya saurara har ta gama. Tambaya ɗaya ya yi.

"Akwai ruwa a cikinsa?"

"Abin da ake son sani ke nan."

Ya gyaɗa kai, kamar yanzu ne maganar ta zama ta masu hankali. "Shekara nawa?"

"Biyu."

"Allah ya tsare. Je ki gaya wa uwarki, ni na amince."

Biyun ba ta tsaya biyu ba. Annoba ta rufe hanyoyi, sannan aka ba ta damar ci gaba zuwa babban digiri, ta kira ta nemi izini, ya ba ta. Abin da ya rage masa na Ikhlas shi ne muryarta ranar Lahadi da hantsi, a wayar Ya Mairam. A lokacin ita can rana ta faɗi, ta dawo ɗakinta. Tun asuba yakan tambayi Ya Mairam ko wayar na da caji. Yakan sa wankakkiyar riga ya gyara hula, domin kiran na ganin fuska ne. Ya Mairam takan ce, "Malam, ai ba zance za ka je ba."

Abin da Ikhlas ba ta sani ba, yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko kamar hayaƙi, daga baya fuskarta a wayar ta zama wani haske mai motsi. Ya hana Ya Mairam faɗa. Ya ce yarinya tana ƙasar mutane ita kaɗai, ba za a ɗora mata abin da ba za ta iya saukewa ba. Idan Ikhlas ta juya wayar ta nuna masa hoton dutsen a kwamfutarta ta ce, "Baba, ka ga wannan babban?" sai ya matso da fuska ya ce, "Na gani. Ikon Allah." Sun fi shekara a haka.

Wata Lahadi ta nuna masa wani ta ce, "Baba, kai da ka san dutse, dubi wannan tsagar. A ganinka daga sama ta faro ko daga gefe?"

Ya matso da wayar har tana taɓa hancinsa. Ya ja ta baya.

"Baba?"

Ya Mairam ta karɓi wayar daga hannunsa. "Auta, babanki ba ya gani. Ya daɗe. Shi ya ce kada a gaya miki."

Bai ga kukan Ikhlas ba, amma ya ji yadda numfashinta ya sauya. Ya miƙa hannu aka mayar masa da wayar.

"Ki daina," in ji shi. "Ni a cikin duhu na yi aikina duka. Ki bar nuna mini. Faɗa mini da baki, yaya tsagar take?"

Ta share fuska, ta fara. Ta ce dutsen ya kai girman ɗaki. Ta ce tsagar ba ta ratsa shi ba, ta bi bayansa ne, kamar fatarsa ce ke ɗagowa, kuma a gindinsa akwai falle-falle da suka zubo.

"Kamar ɓawon albasa?"

"Kamar haka."

"To wuta ce ta ci shi."

"Babu wuta a can, Baba. Ko iska babu."

"Ni dai na san abin da na sani." Ya gyara zama. Ya ba ta labarin abin da bai taɓa ba ta ba. Ya ce idan suka ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a ƙasan rijiya wanda diga ba ta kama shi, sai su zura itace da kara su cinna wuta, su bar ta ta ci yini guda. Sannan su kwarara ruwa daga sama. Za ka ji dutsen yana ƙara kamar ana karya ƙashi. Sai a jira kwana biyu hayaƙi ya fita, a zura fitilar ƙwai, in ba ta mutu ba mutum ya sauka. "Abin da za ki tarar, dutsen ya yi falle-falle, kina ɓamɓarowa da hannu. Amma dutsen da aka sara da ƙarfe daban ne. Shi tsagarsa daga wuri ɗaya take tashi ta watsu, kamar ƙafar kaza. Ko da ido rufe ba zan haɗa su ba."

Ikhlas ta ce, "Baba, babban dutsen nan da waɗannan suke kansa juyawa yake. Kafin awa takwas ya yi dare da rana. Gefen da ke kallon rana ya yi zafi, ya juya ya yi sanyin da ba mu san irinsa ba. Haka kullum, shekaru ba iyaka."

"To ga wutarki nan, ga ruwanki."

"Haka malamanmu suka rubuta. Sai dai su da lissafi suka faɗa. Ban taɓa jin wanda ya ɓamɓare shi da hannunsa ba."

Daga ranar hirarsu ta canza. Ta riƙa zuwa masa da duwatsu a baki, shi kuma yana juya su a ransa. Ta ce ta buɗe shafi biyu a littafinta, ɗaya ta rubuta "albasa", ɗaya "ƙafar kaza", wato wanda zafi ya fasa da wanda wani ƙaramin dutse ya faɗo ya sara. Wani abokin aikinta ya tambaye ta ma'anar kalmomin, ta ce masa sunayen da wani masani a garinsu ya sa ne. Modu ya yi dariya har da tari. Da yamma ya aika aka kira masa Bubayaro ya ba shi labari. Bubayaro ya ce, "Wato yanzu har sama Barebari suka kai ƙaryarsu."

Da ɓarɓashin ya iso duniya aka bincika, ita ta kawo masa labari. Duka-duka bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Ta ce ba a samu ruwa mai gudana ba, amma an samu yumɓu, alamar ruwa ya taɓa ratsa dutsen tun kafin a san za a yi mutane.

"Ya kama harshe?" in ji Modu.

"Ba mai sa shi a harshe, Baba. Ko numfashi ba a bari ya taɓa shi. Yana cikin akwatin gilashi, sai dai a zura hannu ta cikin safar roba."

"Ke ma ba ki taɓa shi ba?"

"Ko ganinsa ban yi ba tukuna. Na rubuta takardar neman a ba ni ƙwaya ɗaya in duba. Masu nema suna da yawa."

Abin ya tsaya masa a rai kwanaki. Ya ce wa Ya Mairam, "Yarinyar nan ta bar gida shekara huɗu saboda dutsen da ba ta taɓa riƙewa ba." Ya Mairam ta ce, "Ga wanda ta gado nan zaune."

A shekara ta biyar ta sa ranar zuwa, babbar Sallah. Ya Mairam ta sa aka yi wa ɗakinta fenti, ta fara haɗa turaren wuta. Saura wata biyu Bubayaro ya kwanta, ciwon kwana shida, ya rasu. Modu ya je jana'iza Zulkifli na riƙe da hannunsa. A bakin kabari ya durƙusa ya damƙi ƙasar da aka tono ya murza, ya ce masu haƙan sun kyauta, sun kai inda ba ta zubowa. Bayan haka ya rage cin abinci, ya rage magana, in ban da ranar Lahadi.

Saura sati uku Sallah, Ikhlas ta kira, muryarta ba daidai ba.

"Baba, an amsa takardata. Za a ba ni ƙwaya ɗaya, kamar ƙwayar gero. Amma injin da zan duba ta da shi, kwanakin da aka ba ni sun faɗo cikin makon Sallah. Idan na bari, ban san yaushe layi zai sake zuwa kaina ba." Ta ja numfashi. "Na ce musu zan yi shawara. In ka ce in zo, zan zo, kuma ba zan ji komai ba."

Ya Mairam tana gefensa. Ta dafa gwiwarsa ta yi ƙasa da murya. "Malam, ka ce ta zo. Ka ga dai Bubayaro."

Shekara biyar bai ji hannun yarinyar nan cikin nasa ba. Ya san yadda take tari, ya san sautin takalminta a zaure, ya san ba shi da tabbacin wata Sallar. Kalma ɗaya ce, kuma ya san in ya faɗe ta za ta hau jirgi.

"Auta," ya ce, "na taɓa barin rijiya saura kaɗan, a Ngojin, saboda an aiko mahaifiyata ba lafiya. Da na dawo ta rufta, sai da muka sake daga fari. Ban yi nadama ba, uwa ce. Amma ni lafiyata ƙalau, ina cin tuwo. Ki zauna ki duba ƙwayarki."

"Baba, ka tabbata?"

"Na ce ki zauna."

Da aka kashe wayar Ya Mairam ta tashi ta shige ɗaki, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. Shi kuwa ya lallaba ya fita gindin darbejiya. Aka kawo masa abincin rana, aka dawo aka ɗauke shi yadda aka kawo. Ranar Sallah ya je idi, ya dawo aka yanka rago, jikoki suka cika gida. Ya sa aka soya wani kaso daban aka adana a cikin mai, ko da ya san babu mai zuwa ci.

Lahadin da ta biyo baya ta ba shi labarin ƙwayar. Ta ce baƙa ce fiye da gawayi, ba ta da nauyi, duk jikinta ƙofofi ne. Ta ce da aka ƙara girmanta a allon kwamfuta sai ta ga wasu fararen jijiyoyi siriri sun ratsa ta, inda ruwa ya bi ya bushe ya bar gishirinsa. Ya tambaye ta ko ta yi bisimilla kafin ta fara, ta ce ta yi.

Ikhlas ce ta matsa wa Zulkifli har ya kai mahaifinsu asibiti aka yi masa aikin ido bayan damina. Na dama ya buɗe, na hagu likita ya ce ya makara. Abin da ya fara lura da shi da aka cire bandeji shi ne furfurar Ya Mairam. Ya ce, "Yaushe kika tsufa haka?" Ta ce, "Lokacin da kake kallon sama."

Ikhlas ta zo a shekara ta shida, farkon damina, hutun sati uku. Ya je tasha tun hantsi duk da an gaya masa sai la'asar. Da ta sauko daga mota bai gane ta nan take ba, ta rame, ta sa tabarau. Ita ta durƙusa a gabansa cikin mutane ta ce, "Baba." Ya ɗora hannu a kanta, yana ta cewa "Sannu, sannu," har Zulkifli ya ce su shiga mota ana kallonsu.

Cikin tsarabarta akwai hoto babba a naɗe. Ta shimfiɗa masa a tabarma ta danne gefunan da takalma. Ya sunkuya da idonsa guda ya daɗe yana kallo. Tarin duwatsu baƙaƙe, inuwarsu kaifi-kaifi, bayansu duhu babu komai. Ya nuna wani da yatsa ya ce, "Wannan albasa ne." Ta ce haka ne. Sannan ya shafa tafin hannunsa a kai, daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake shafawa. Takarda ce mai santsi. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

"Da dai mutum zai riƙe ko ɗaya," ya ce.

"Ni ma haka nake cewa kullum."

Ta roƙe shi ya kai ta Danchuwa ta ga rijiyarsa ta farko. Suka je da safe a motar abokin Zulkifli, gero ya fara kai idon sawu. Rijiyar tana nan, an yi mata sabon baki, mata biyu suna ɗiba. Da aka gaya musu ko wane ne, ɗaya ta miƙa wa Ikhlas guga. Ta zura, igiya ta yi ta tafiya har ta juyo ta kalle shi. Ya ce, "Ci gaba, da saura." Ta jawo da ƙyar, ta sha a tafin hannu, ta ba shi ya sha. Suka zauna a inuwa ya nuna mata wurin tsayuwar mai riƙe igiya, ya ce Bubayaro bai taɓa tsayawa nan ba, domin a lokacin ba su haɗu ba, wani ne daban ya riƙe masa.

A nan ta gaya masa. An ba ta aiki na shekara uku a can, za a ci gaba da binciken, akwai kuma ɓarɓashin wani dutsen da wata ƙasa ta ɗebo. Ta ce bayan haka tana son ta dawo ta koyar a gida, in an samu wuri. Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Modu ya lissafa shekarunsa a zuci, ya ƙara uku. Bai faɗi abin da ya samu ba.

"Uwarki ta sani?"

"Na ce sai na fara gaya maka."

"To bari ni zan gaya mata. Ke ba ki iya ba."

Sati ukun ya wuce kamar kwana uku. Ranar tafiya ya raka ta tasha, ya tsaya har motar Kano ta sha kwana. Da suka dawo gida ya sa Zulkifli ya sauko da agogon bangon zaure, ya tambaye shi ƙarfe nawa ne yanzu a inda take zaune. Zulkifli ya duba waya ya ce akwai awa takwas tsakani. Modu ya ce a tura agogon gaba awa takwas a mayar da shi.

Yana nan a haka har yau. Baƙo in ya shigo zauren yakan ce, "Ba Modu, agogonku ya lalace." Sai ya ce a bar shi, lafiyarsa lau. Wani lokaci da hantsi yakan leƙa daga gindin darbejiya ya duba, ya ɗaga murya ya ce wa Ya Mairam, "Yanzu ta tashi daga aiki." Ita kuma daga cikin gida ta ce, "Allah ya kai ta ɗaki lafiya."